Kafin ka yi fomatin, tsaya ka gano wa ke zane a kan wa

Yarona, na ga saƙonka tun da rana, hannuna ne a cike shi ya sa sai yanzu. Ka ce ka saka wa kwastoma Conky, ƙaramar manhajar nan mai nuna awon kwamfuta, a laftof ɗinsa mai Xfce, ɗaya daga cikin tsarin destof na Linux, don ya riƙa ganin aikin furosesa da RAM da zafin inji da gudun intanet a gefen sikirin, abu ya yi kyau na ɗan lokaci sai ya fara ƙyafta ido, aikon ɗin da ke kan destof suna ɓacewa sai ka goga linzami a kansu su dawo, da ka canza wani layi kuma aikon suka zauna amma shi Conky ɗin ne yanzu ke guduwa duk sanda aka danna fili, ga baƙin akwati a bayansa, rubutu ya hau kan rubutu, inda ya kamata a ga alamar batir sai ɗan murabba'i, intanet kuma kullum 0B alhali mutumin yana kallon bidiyo. Sai ka ƙare da "Oga, katin hoto ne ya mutu ko in yi fomatin kawai?"

Babu ko ɗaya. Ajiye filashin nan tukuna. In ka yi fomatin yau, gobe za ka kwafo wannan fayil ɗin saitin Conky ka mayar, cutar ta dawo yadda take, ka ga an gudu ba a tsira ba.

Fara da wanke katin hoton daga zargi, ba ya cin minti biyu. Kashe Conky da killall conky a tamina, wato tagar da ake buga umarni, ka zuba wa sikirin ido. In komai ya lafa, aikon sun zauna daram, babu ƙyafce-ƙyafce, to ƙarfe lafiyarsa ƙalau. Katin da ya lalace ba ya zaɓen kusurwa ɗaya ya yi ɓarna ya bar sauran, za ka ga zane-zane ko ɗige-ɗigen kala ko'ina, har a shafin BIOS tun kafin Linux ta tashi. Wata dabarar kuma, ɗauki hoton sikirin ka buɗe shi a wata na'ura. In layin da kake gani da ido bai fito a hoton ba, to gilashin ne ko wayar da ta bi ta cikin maƙogwaron laftof, sai ka motsa murfin a hankali ka ga ko yana canzawa. In ya fito a hoton, matsalar tana can ciki tun kafin hoto ya iso gilashi. Naka na tabbata kashe Conky zai kwantar da shi.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. Abin da kake kallo a matsayin destof ba shimfiɗa ɗaya ba ce, hawa-hawa ce. A tsarin X11, wato tsarin da ke zana tagogi a Linux ɗin nan, akwai taga ta can ƙasa da ake ce wa root, ita ce daɓen. A Xfce akwai wata manhaja, xfdesktop, da ke shimfiɗa tata tagar a kan daɓen nan ta rufe shi gaba ɗaya, ita ke zana hoton bango da aikon. A sauran tsarin destof kuwa, a Cinnamon Nemo ne ke riƙe da aikon, a MATE Caja, a LXDE kuma PCManFM. To shi Conky in ba ka ba shi tagarsa ba, wato own_window yana kan false, sai ya je yana zane a filin da wani ke ganin nasa ne. Kowane sakan ya goge wurin ya sake rubutawa, yana gogewa har da aikon ɗin mutane, xfdesktop kuma ba ta san an taɓa mata kaya ba sai linzami ya bi ta wurin ta farga ta sake zanawa. Shi ne abin da ka gani da idonka, kana goga linzami suna dawowa ɗaya bayan ɗaya. Masu zane biyu allo ɗaya, ai dole a yi rigima.

Da ka mayar da own_window zuwa true ka yi daidai, inda ka kauce shi ne nau'in tagar. Na san abin da ka sa ko ba ka faɗa ba, own_window_type = 'desktop' ka sa, don sunan ya yi kama da abin da kake so. Amma da ka ce masa haka sai suka zama su biyu a hawa ɗaya, shi da xfdesktop, kuma duk wanda aka danna shi ke hawowa sama. Ka danna fili, xfdesktop ta taso ta lulluɓe shi. Bai mutu ba fa, buga pgrep conky za ka ga lambarsa tana nan, yana ƙasa ne yana ta aikinsa babu mai ganinsa. Ni a Xfce abin da nake sawa shi ne 'normal', sannan in ɗaure shi da own_window_hints = 'undecorated,below,sticky,skip_taskbar,skip_pager'. Ma'anarsu ke nan a jere: babu baki babu madannin rufewa, ya zauna ƙasan sauran tagogi, ya bi ka kowane filin aiki ka je, kada ya fito a layin manhajojin da ke buɗe, kada kuma ya fito a ɗan taswirar filayen aiki. Aibinsa ɗaya, kuma gara ka gaya wa kwastoma tun yanzu, in ya danna abin nan mai kwashe duk tagogi a nuna destof, zai iya kwashe Conky tare da su, tunda a wurin mai kula da tagogi shi ma taga ce kamar kowa. Akwai 'override' da wasu ke rantsuwa da shi, wannan yana fita daga hannun mai kula da tagogi kwata-kwata, a wata kwamfutar ya zauna lafiya a wata ya hau kan komai ko ya dawo da faɗan aikon. Akwai 'dock' da 'panel' ma. Babu wanda yake daidai a ko'ina, gwadawa ake yi, amma ɗaya bayan ɗaya.

Wannan "ɗaya bayan ɗaya" ɗin ka riƙe shi da kyau don na san halinka. Za ka canza layi biyar a tare, abu ya gyaru ko ya ƙara lalacewa, in na tambaye ka wanne ne ya yi aikin sai ka hau sosa ƙeya. Kwafi fayil ɗin ka ajiye na asali gefe, ka canza layi ɗaya, ka duba, ka ci gaba. Kuma ka daina tayar da shi ta danna aikon, buɗe tamina ka buga conky -c da hanyar fayil ɗin, yawanci ~/.config/conky/conky.conf ne ko tsohon ~/.conkyrc. Conky ba bebe ba ne, yana faɗin abin da ke damunsa, font kaza ban same shi ba, layi kaza ban gane ba, amma a tamina yake faɗa, kai kuma ba ka taɓa tsayawa ka saurara ba.

Ƙyaftawar kuwa ita ce mafi sauƙi. Sa double_buffer = true. Ba tare da shi ba Conky a gaban idonka yake goge allo ya sake rubutawa, wannan ɗan tsakanin da allon yake wayam shi ne ƙyaftawar. Da shi kuma sai ya gama zanen a ɓoye sannan ya juyo maka da shi a kammale. Yana dogara ne da wani sashe na X da ake kira DBE, a da sai mun shiga xorg.conf mun rubuta Load "dbe" da hannu, yanzu da kansa yake tashi, in dai babu shi za ka ga ƙorafin a tamina.

Baƙin akwatin nan shi ne ya fi ruɗa yara, bari in ɗan daɗe a kansa. Hanya biyu ce Conky ke bi ya zama ana ganin bayansa. Ta farko ta ƙarya ce, yana ɗaukar hoton abin da ke kan root ne ya manna a bayansa, sai ka ɗauka gilashi ne alhali hoto ne. In hoton bangon yana kan root ɗin, lafiya lau. In kuwa wata manhaja ce ta zana shi a tata tagar ta bar root babu komai, to abin da zai kwafo baƙi ne, ko tsohon hoton bangon da aka canza tun jiya. Ta biyu ita ce ta gaskiya, own_window_argb_visual = true, sai ka ba shi own_window_argb_value daga 0 zuwa 255, sifili ana ganin baya tar, 255 kuma a toshe. Amma ta gaskiyar ba ta aiki sai da mai haɗa hotunan tagogi, kompozita, shi ne ke ɗaukar wannan taga da waccan ya gauraya su. Xfce tana da nata a cikin xfwm4, mai kula da tagoginta, shiga Window Manager Tweaks ka duba shafin Compositor ko a kunne yake. Mutane da yawa suna kashe shi a tsohuwar kwamfuta don ta yi sauri, su manta, sai baƙin akwati ya fito su rasa dalili. A masu sauƙin nauyi irin Openbox ko i3 babu shi sam sai ka saka picom. Kuma kada ka kunna biyu a tare, na Xfce da picom, ɗaya zai ƙi tashi ko su yi ta ja-in-ja. In akwatin ya tafi ya bar wata inuwa a gefen Conky kamar an ɗora gilashi, kompozita ne ke yi masa inuwa kamar sauran tagogi, a nan cikin saitinsa za ka kashe ta.

In kuma ka lura akwatin ba ya fitowa sai bayan an yi ristat, amma in ka tayar da shi da hannu lafiya, to rige-rige ne. Conky ba shi da nauyi, yana riga hoton bango da kompozita tashi, ya duba bayansa ya ga duhu ya kwafa. A layin da ke tayar da shi a farkon shiga ka sa conky -p 15, zai jira sakan 15 kowa ya gama zama sannan ya fito.

Rubutu a kan rubutu kuma, kafin ka taɓa komai buga pgrep conky ka ƙirga. Ni wannan ya taɓa cinye min yini guda cur ina ƙaramin ma'aikaci. Wata kwamfuta ce lambobinta suka yi kauri suka dagule, 8 ta hau kan 3, na canza font, na canza direban katin hoto, har na ciro katin na goge haƙoransa na mayar, ina gumi ina cewa lallai ƙwaƙwalwar katin ce ta fara tafiya. Sai wanda ya koya min aiki ya zo ya tsaya a bayana, bai ce komai ba, ya miƙo hannu ya buga umarni ɗaya, lambobi uku suka fito. Conky uku ne ke gudu a wuri ɗaya. Na sa shi cikin masu tashi da kansu, Xfce kuma tana ajiye zaman da aka fita da shi ta dawo da shi a shiga ta gaba, kowane ristat sai a ƙara ɗaya. Ya kalle ni ya yi tafiyarsa, wallahi da ma zagina ya yi da ya fi min sauƙi. Maganin shi ne ka kashe su duka, ka cire ajiyar zama a Session and Startup, ka share abin da ke cikin ~/.cache/sessions, ka bar hanya ɗaya tak da za ta riƙa tayar da shi.

In guda ɗaya ne ke gudu amma layuka suna cin juna, to fayil ɗin an rubuta shi ne don wani sikirin da wani font. Masu tsara waɗannan abubuwa suna auna wuri da goto da voffset da offset, duk da ɗigon sikirin suke ƙirga, wanda ya tsara a 1920 da 1080 kai ka kawo shi 1366 da 768, ko font ɗinsa siriri naka mai faɗi, dole su hau juna. Haka in kana ganin akwatin yana rawa, yana faɗaɗa yana tsukewa, lamba ce ke tashi daga 9% zuwa 10% ta ture na gefenta. Daidaita minimum_width da maximum_width su zama lamba ɗaya, ka sa wa lambobi font mai haruffa masu faɗi ɗaya irin DejaVu Sans Mono, rawar ta ƙare.

Ɗan murabba'in da ke wurin alamar batir ba aikon ba ne da ma, harafi ne. Yawancin alamomin da kake gani a Conky daga font suke fitowa, irin Font Awesome, an zana batir da agogo da eriya a matsayin haruffa. Babu font ɗin a na'urar, sai ta nuna maka akwatin "ban san wannan ba". Duba sunan da ke cikin fayil ɗin, ka buga fc-list ka nema, in babu ka zuba shi a ~/.local/share/fonts ka buga fc-cache -f. Ka kula da sunan sosai, Font Awesome na 4 da na 5 ba suna ɗaya suke amsawa ba kuma wasu alamomin sun canza gida, za ka iya saka font ɗin amma murabba'i na nan. Ka tabbata use_xft yana true, in kuma alamar digiri ta zafi tana fitowa da wani baƙon harafi a gabanta, sai ka sa override_utf8_locale = true.

Shi 0B ɗin nan dariya ya ba ni. Buɗe fayil ɗin, na tabbata za ka ga eth0 ko wlan0 a matsayin sunan katin intanet. Tun wajen 2013 da systemd, manhajar da ke tayar da yawancin Linux, ta kawo sabon tsarin sunaye, katin intanet a yawancin Linux ya koma amsa irin enp3s0 ko wlp2s0. Conky yana tsaye a ƙofar da babu kowa yana ƙirga masu wucewa, ya ce maka sifili, kuma gaskiya ya faɗa. Buga ip link ka ga sunan gaske ka musanya. Zafin inji ma haka yake yi, in ka ga yau 45 gobe 0 ko wata lambar hauka, lambobin da ke cikin /sys/class/hwmon ne ke sauya wuri, abin da yake hwmon1 yau zai iya zama hwmon2 bayan ristat. Saka lm-sensors ka buga sensors ka gane wanne ne na furosesa, coretemp a Intel, k10temp a AMD, sabbin fitowar Conky suna karɓar sunan a madadin lambar. In ka leƙa fayil ɗin da kanka ka ga 45000 kada gabanka ya faɗi, kashi dubu ake rubutawa, digiri 45 ke nan.

Abu biyu da ba ka tambaya ba amma za ka ci karo da su. Daga fitowa ta 1.10 Conky ya koma rubuta saitinsa da yaren kwamfuta na Lua, saiti a cikin conky.config, abin nunawa a cikin conky.text, kowane layin saiti da waƙafi a ƙarshensa, ka manta waƙafi ɗaya ya ƙi tashi. In ka ga fayil mai kalmar TEXT da manyan baƙi a tsakiya, tsohon yayi ne, kada ka gauraya layukansa da na sabo. Na biyu, exec, umarnin da ke sa Conky ya gudanar da wata manhaja ya nuna amsarta. Duk abin da ka sa a exec ana gudanar da shi ne a kowane zagaye, in update_interval ɗinka sakan 1 ne kuma ka sa shi ya ɗauko yanayin sama daga intanet, to duk sakan sai ya tsaya jiran amsa, agogon ya riƙa tsallake sakan, kuma abin kunya mai auna nauyi ya zama shi ne kan gaba a cin furosesa. Mayar da shi execi 600, sau ɗaya a minti goma ya isa.

Su kuma aikon na ainihi, na menu da na kan sanda, in ka ga wasu sun zama farar takarda ko sun ɓace bayan an canza jigo, wannan ba ruwan Conky. Jigon aikon ba ya cika ɗauke da komai, a fayil ɗinsa na index.theme akwai layin Inherits da ke cewa in ba ni da abu a nema wurin wane, can ƙarshe a faɗa kan hicolor. In wanda ya ambata ba ya na'urar sai ramuka su fito. Saka shi, ka buga gtk-update-icon-cache a kan foldar jigon, ka fita ka sake shiga. In manhaja ɗaya ce tak, buɗe fayil ɗinta na .desktop ka duba layin Icon. Waɗanda suka yi dishi-dishi kuma ƙaramin PNG ne aka ja shi ya fi girmansa, mayar da sandar girman da jigon yake da shi kamar 24 ko 32, ko ka nemi jigo mai SVG.

In Windows aka kawo maka da fararen aikon ko aikon wannan ya koma kan wancan, ma'ajiyar aikon ce ta dagule. Fara da sake tayar da Explorer daga Task Manager, in bai yi ba ie4uinit.exe -show, in ya ƙi sai ka tsayar da Explorer ka share fayilolin iconcache da ke cikin AppData\Local\Microsoft\Windows\Explorer, da kansa zai gina sababbi. Win da Ctrl da Shift da B a tare kuma yana farfaɗo da direban hoto ba sai an yi ristat ba, za ka ji ɗan ƙara sikirin ya ƙyafta sau ɗaya.

Saura abu ɗaya da ya kamata ka duba tun kafin duk wannan in ba Xfce ba ce a gabanka. Buga echo $XDG_SESSION_TYPE. In ya ce x11, duk abin da na faɗa yana nan. In ya ce wayland, wato sabon tsarin da ke maye gurbin X11, to babu root ɗin da na yi ta magana a kai, kuma waɗancan hints ɗin ba lallai a saurare su ba, shi ya sa a GNOME za ka ga Conky ya fito tsakiyar sikirin kamar taga ko ya ƙi zama inda ka ce. Sabbin fitowa suna da out_to_wayland, yana aiki a irin su Sway da KDE Plasma, amma GNOME ba ta karɓi hanyar da yake bi ba, a can ni ba na wahalar da kaina, ƙarin GNOME mai nuna awo a sandar sama nake saka wa mutum.

Laftof ɗin da ke hannunka dai Xfce ce, don haka gobe da safe ka fara da killall conky da pgrep, sannan nau'in taga, sannan double_buffer, sannan kompozita, kana yi kana rubuta abin da ya canza a takarda. In ka kai kan font ka maƙale, turo min abin da tamina ta rubuta gaba ɗayansa, rubutun nake so ka kwafo, kada ka ɗauko min hoton sikirin da waya yana ƙyalli ban iya karanta komai.